Gidan da Ka Gani a TikTok Ba Don Zafin Isa Aka Zana Shi Ba

Duk matashin da ya fara tara kuɗin gini a yau, kafin ya sayi bulo ko guda ɗaya ya riga ya cika wayarsa da hotunan gidaje. Wasu ya kwaso daga TikTok, wasu daga Facebook da Pinterest, wasu kuwa manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta zana masa cikin daƙiƙa ashirin. Gilashi tun daga ƙasa har sama, baƙin kwano mai tsini, silin POP da ƙananan fitilu shuɗi da ja. Sai ya tura wa birkila ta WhatsApp ya ce, "Malam, irin wannan nake so, sak."

Maganata a yau da 'yan Kamarawa ce da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, musamman waɗanda ke nema a Kano, Abuja, Fatakwal ko can Legas da Ibadan wurin abokan wasanmu Yarbawa, suna turo kuɗi gida ana ɗora musu bulo kaɗan-kaɗan. Ra'ayina shi ne yawancinmu muna fara aikin ta ƙarshensa. Muna zaɓen fenti da tayil tun ba a haƙa fandisho ba, sai an gama komai mu tuna da wuta, da zafi, da sabis ɗin waya. A yankin da ba a dogara da wutar gwamnati, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, waɗannan ukun ne ya kamata su fara hawa takarda.

Idan za ka sayi waya, ai ba launin bayanta kake fara tambaya ba. Kana duba ƙarfin batir, girman ma'adana, da ko tana ɗaukar zafi. Kuma waya in ba ta yi maka ba, ka kai ta kasuwa ka yi musaya. Gidan da ka juya wa rana ta inda bai kamata ba, haka za ka zauna da shi kai da 'ya'yanka.

Rana ce za ta fara magana

Isa da Sabon Birni suna kusan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. Ma'anar wannan ga mai gini ita ce, da tsakar rana, rana kusan a tsakar ka take duk shekara. Tana ɗan karkata kudu a mafi yawan watanni, sannan daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta ɗan karkata arewa. Don haka bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa: rufi ya ɗan zarce bango, inuwa ta sauka. Bangon yamma ne matsala. Daga azahar zuwa magariba rana na dukansa kai tsaye, ya sha zafi ya ƙoshi, cikin dare ya riƙa amayo shi cikin ɗaki. Shi ya sa za ka ga ɗaki ƙarfe ɗayan dare yana huci kamar tanda alhali waje ya yi sanyi.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo idan aka yi shi a kan takarda. Ka shimfiɗa gidan dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa, manyan tagogi su kasance a can. Ɓangaren yamma ka ba wa sito, makewayi ko matattakala, ɗakunan da ba a kwana ciki. Manhajar da kake duba alƙibla da ita ta isa ta nuna maka yamma da gabas. In kana son ƙari, akwai shafin SunCalc, kyauta ne, kana ɗora alama a kan filinka a taswira ya nuna maka inda rana za ta fito da inda za ta faɗi a kowace ranar shekara. Gabas ma a kula da ita, don daga can hadarin damina ya fi tasowa, kuma tsoffin magina sun san bangon gabas ne ke fara zaizayewa.

Sai rufi. Baƙin kwanon nan da ake yayi yana da kyau a hoto, ban musa ba. Amma baƙin ƙarfe a ƙarƙashin rana irin tamu yana iya kaiwa digiri 70, kuma duk wannan zafin yana neman hanyar sauka kanka. Kwano mai haske yana mayar da kaso mai yawa na hasken sama. Tsinin nan mai tsawo kuwa asalinsa na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke taruwa a rufi ne. A nan abin da yake ƙara maka shi ne kuɗin katako da kwano, da faɗin da guguwar farkon damina za ta kama.

Akwai wanda ya warware wannan matsala da kayan da muke da su. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa. Ya yi silin na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama da shi, ya bar sarari a tsakani iska na ratsawa. Kwanon ya zama laima, zafinsa ba ya taɓa ɗakin. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Kusa da mu ma, a Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Masallacin Yama, shi ma a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da laka, ya ci kyautar Aga Khan tun 1986. Ka nemi hotunan ukun nan a wayarka, ka ajiye su kusa da na TikTok ɗin.

Ba cewa nake kowa ya koma soron laka ba. Laka na son yaɓe a kai a kai, azara ta yi tsada, gara na nan, kuma mu faɗi gaskiya, saurayin da ya yi shekara bakwai yana nema a Kudu ba ya son a ce ginin ƙasa ya yi. Amma kaurin bangon laka yana jinkirta shigar zafi na sa'o'i, abin da bulon inci shida mai rami ba ya yi. Ana iya haɗawa: fandisho na dutse da siminti a ɗaga shi sosai, bango mai kauri, rufi mai faɗin baki, silin mai tsawo, da ƙananan tagogi can sama inda iska mai zafi za ta fice. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai ga masu gyaran tsohon gida: shafa filastar siminti kai tsaye a kan bangon laka yakan yi kyau shekara ɗaya ko biyu, daga nan ya fara ɓamɓarewa, don danshi na maƙalewa a bayansa. Ka nemi tsohon magini ya gaya maka yadda ake yi da makuba.

Lissafin da ya fi zanen muhimmanci

Me ya kawo maganar inuwa a shafin na'urori? Saboda duk zafin da ka bari ya shiga ɗaki, da batir za ka biya kuɗin fitar da shi. Bari mu yi lissafi, buɗe kalkuletar wayarka.

Ɗauki ƙaramin gida. Fanka biyu masu cin wat 30 kowace, irin na zamani da ake yi don sola, suna aiki awa 10: wat-awa 600. Ƙwan fitila shida masu wat 9, awa 5: 270. Talabijin mai wat 50, awa 4: 200. Cajin waya shida, kowace kusan wat-awa 20: 120. Na'urar intanet mai wat 10 dare da rana: 240. Jimla 1,430. Faifan sola mai wat 400, idan ya sami kusan awa 5 na cikakkiyar rana, aka cire asarar zafi da ƙura da wayoyi, zai ba ka abin da ya kai 1,400. Ke nan faifai biyu sun riƙe wannan gida da rara.

Yanzu canza abu ɗaya. Sa tsohuwar fankar silin mai wat 70 a maimakon mai 30. Fanka biyun kaɗai sun koma 1,400, sun cinye faifai guda sukutum. Ƙara firji, ka ƙara fiye da 1,000. Sannan ka ce ɗakin ba ya kwanuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki: ƙaramar cikinsu tana jan kusan wat 800, in ta yi awa 8 tana aiki sosai ta sha 6,400. Wannan ya ninka duk sauran kayan gidan na farko fiye da sau huɗu. Batirin litiyum mai kilowat-awa 5, wanda kuɗinsa zai iya ɗaga ɗaki guda, ba zai kai ta asuba ba.

To ka ga inda kuɗin yake. Ƙarin tsawon silin, rumfa a yamma, kwano mai haske da dogon yaro guda biyu a inda ya dace, duka ba su kai kuɗin batir ɗaya ba, kuma ba sa mutuwa bayan 'yan shekaru.

Wannan lissafin shi za ka kai wa mai wayarin tun kafin a fara gini, ba bayan an yi filasta ba. Ka ce masa ya raba layin wutar gida biyu. Layi ɗaya na sola: fitilu, fanka, soket ɗin caji, talabijin. Ɗayan na kaya masu nauyi: dutsen guga, hita, injin jan ruwa, waɗanda za su jira janareta ko wutar gwamnati in ta samu. A sa musu soket masu launi daban. Gidaje da yawa inbatarsu ta ƙone ne saboda wani yaro ya jona hitar ruwa a soket ɗin da ya fi kusa da shi, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya bambanta masa.

Wayar wuta kuma a sayi ta jan ƙarfe ta gaske. Abin da aka saba shi ne mai kaurin 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, mafi kauri ga manyan kaya. Kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ciki ya fito fari, ajiye musu kayansu. Kuma ka sa a binne bututun wayarin fiye da yadda kake buƙata yau: ɗaya daga rufi zuwa inda batir zai zauna, ɗaya zuwa ƙofar gida, ɗaya zuwa inda tankin ruwa zai hau. Bututun roba da babu komai ciki arha ne. Fasa bangon da aka yi wa fenti don a tura waya ɗaya shi ne tsada, ga muni.

Batir na son ɗakinsa

Wannan ne abin da kusan ba na gani a kowane zane. Ana gama gida, sai a tura batir da inbata ƙarƙashin gado ko bayan ƙofar falo. Batirin ruwa yana fitar da iskar da ke iya kamawa da wuta yayin caji, bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutane ba. Zafi kuma shi ne ajalinsa: ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce, duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. Na litiyum ya fi juriya, amma shi ma ba ya son tanda. Don haka ka ware ɗan lungu, ko da mita ɗaya da rabi ne, a ɓangaren da ya fi sanyi, mai tagar iska sama da ƙasa, da dakali da zai ɗaga kayan daga ƙasa. Wanda filinsa ke kusa da fadama ya ƙara ɗaga dakalin da soket ɗinsa. Mutanen bakin Gulbin Rima ba su manta ambaliyar 2010 ba.

Su kuma faifan, a ina za a ɗora su? Kowa rufi yake tunani. Ni ina ganin a yankinmu akwai wurin da ya fi: tsakar gida. A kafa rumfar ƙarfe mai tsawon da mutum zai wuce ƙarƙashinta, faifan su zama rufinta, suna kallon kudu da karkata kusan digiri 13 zuwa 15. Ka sami inuwar da mata za su yi girki da hira. Iska na ratsa ƙasan faifan tana sanyaya su, kuma faifai na rage ƙarfi duk lokacin da ya yi zafi, kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da 25. Lokacin hunturu, da buji ke rufe komai cikin kwana biyu, yaro zai iya share su da tsumma a kan sanda ba sai an nemo tsani ba. Ba a huda kwano, balle ɗigon ruwa. Kuma katanga ta ɓoye su daga idon mai wucewa, maganar da zan dawo kanta.

In dai sai rufin, to a gaya wa kafinta tun farko, don kowane faifai yana da nauyin kilo 20 ko fiye, kuma a bar hanyar hawa. A dasa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa, saboda tsawa. Ka kuma lura da inda inuwar bishiya ko tanki za ta faɗa, don inuwa a kan kusurwar faifai ɗaya tana iya rage ƙarfin layin gaba ɗaya.

Ruwa kuwa, ka ja shi da rana tsaka lokacin da faifan ke da rara, ka tara a tanki. Tanki ya fi kowane batir arha wajen ajiye aikin da rana ta yi.

Ina sabis yake a filinka?

Kafin a ja igiyar fandisho, zaga filin da wayarka. A Android, cikin saituna wajen bayanin layi, akwai lambar ƙarfin sabis da ake aunawa da dBm. Lamba ce mai alamar ragi: kusa da -85 yana da kyau, in ta kai -110 sai haƙuri. Manhajoji irin su Opensignal da Network Cell Info suna nuna wannan a sauƙaƙe. Gwada kowane layi, gwada a tsaye, gwada a kan tsani, ka gane ta wane ɓangare sabis ke zuwa. Kwano da kankare mai rodi da bango mai kauri duk suna rage shi, don haka wurin da ka samu sanda biyu a fili, cikin ɗaki yana iya zama babu. Ka tanadi taga ko ɗan gurbi a sama ta wannan ɓangaren, da soket kusa, inda na'urar intanet za ta zauna, da bututun da zai fita waje idan wata rana ka sa eriya. Na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa barkatai kuwa, hukumar NCC ta yi gargaɗi a kan amfani da su ba da izini ba, kuma suna dagula wa maƙwabta nasu sabis ɗin.

Mutanen wannan yanki sun san abin da wasu ba su sani ba: sabis na iya ɗaukewa gaba ɗaya. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Isa da Sabon Birni na ciki. Waɗanda ke kusa da iyaka da layukan Nijar suka riƙa neman 'yan'uwansu. Darasin ga mai gini shi ne kada ka sayi abin da ba ya aiki sai da intanet. Makullin ƙofa na manhaja, kyamarar da ba ta da gurbin katin ajiya, inbatar da ba a saita ta sai ta waya, duk ka bar su a kanti. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, yana magance rashin sabis, amma ka saka shi a lissafinka: yana jan wat 50 ko fiye, wato in ya kwana ya wuni a kunne ya sha kusan abin da duk ƙaramin gidan nan namu ke sha, ban da kuɗin wata.

Gini daga nesa

A nan waya take da amfani na gaske, fiye da wajen zaɓen zane. Mafi yawan gine-ginen 'yan ci-rani a hannun kawu ko yaya ko aboki suke, kuma mafi yawan rigimar da ke biyo baya ba sata ce ke kawo ta ba, rashin rubutu ne. An turo dubu ɗari biyu, an sayi yashi, an biya lebura, an ba mai ruwa, wata uku baya ba wanda ya tuna nawa aka kashe a me. Sai zargi ya shiga, zumunci ya yi tsami. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, don haka ba rashin kunya ba ne ka ce, "Kawu, don Allah duk abin da aka saya a ɗauko min hoton rasit, saboda kada lissafi ya rikice mana."

Buɗe asusu daban na gini kawai, ko a banki ko a OPay ko Moniepoint, kuma duk kuɗin da ka tura ka rubuta dalilinsa a gurbin bayani. Buɗe zauren WhatsApp na mutum uku ko huɗu: kai, mai kula, birkila, mai wayarin. A yi ciniki mataki-mataki, fandisho, zuwa linta, rufi, filasta, kuma kuɗin mataki ba ya fita sai an ga bidiyon wanda ya gabata. Kiran bidiyo da tef ɗin awo a hannu ya fi hoto goma, don hoto ba ya nuna kaurin rodi.

Abu biyu ne aka fi cutar mai gini daga nesa a kansu, kuma dukansu ba sa fitowa a hoto. Na farko yawan bulon da ake bugawa daga buhun siminti ɗaya. Ku yi yarjejeniya a kan adadin tun farko, ka sa a ɗaga bulo ɗaya a sake shi ƙasa a gaban kyamara. Na biyu ban-ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Yana son a jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai kusan kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A zafin bazara, kankaren da aka zuba da safe aka bari ba ruwa ya riga ya yi asara kafin la'asar. Ware kuɗin mai ruwa daban, ka nemi ɗan gajeren bidiyo kowace safiya.

Farashi kuma ba ya jira. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dako ya zama babban kaso na kuɗin kaya, kuma ko da yake masana'antar simintin BUA tana Kalambaina a gefen Sakkwato, kafin buhu ya iso Isa ya ƙara nauyi a aljihu. Ƙiyasin da aka yi maka wata uku baya tarihi ne. In kuɗi ya shigo, mayar da shi kayan da ba sa lalacewa: rodi, kwano, wayar wuta, ƙofofi. Siminti kam kada ka tara shi fiye da wata uku, yana dunƙulewa, musamman da damina.

Kada ka ɗora

Yanzu maganar da ba a so a yi. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki shekarun nan. An tashi garuruwa, dubban mutane sun koma Sakkwato ko sun tsallaka jihar Maraɗi, kuma masu garkuwa da mutane ba sa zuwa gida da ka, sai an ba su labari. Bidiyon "Alhamdulillah an kai linta" da ka ɗora a TikTok, da sunan garin a ƙasa da waƙa a bayansa, sanarwa ce cewa akwai mai turo kuɗi a wannan gida, kuma iyayensa na ciki. Kai kana Legas. Su ne a Kamarawa.

Don haka hotunan gini su tsaya a zauren mutum huɗun nan. Matsayinka na WhatsApp ma yana da saitin zaɓen waɗanda za su gani, yi amfani da shi. Kashe alamar wuri a kyamararka, don hoton da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da bayanin inda aka ɗauke shi. Wannan ne kuma dalili na biyu da na fi son rumfar sola a tsakar gida a kan faifai goma da ke ƙyalli a saman rufi, da farantin intanet a gefensu. Gidan Bahaushe na asali dama haka yake: zaure mai sauƙi a waje, rayuwa a ciki. Idan ka sa kyamara, ka san iyakarta, tana nuna abin da ya faru ne, ba ta hana shi. Kuma kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci.

Wani zai ce, in haka ne me ya sa za a yi ginin ma? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda zai amsa wa wani. Akwai wanda ya zaɓi ya sayi fili a Sakkwato, ba a ga laifinsa ba. Akwai wanda mahaifiyarsa ta ce ba inda za ta, kuma ɗakinta na yoyo. Ga wannan na biyun, shawarata ita ce ya gina kaɗan ya gama shi sarai. Ɗaki biyu masu rufi, masu sanyi, masu wuta, sun fi ɗaki shida da suka tsaya a linta shekara huɗu ruwa na dukansu. Kuma ya bar kaya masu tsada a yanayin da za a iya kwance su: faifai a kan ƙusoshi masu warwaruwa, inbata da batir a kan dakali ba a binne cikin bango ba, yadda in ta kama a tashi, awa ɗaya ta isa a loda su a mota.

Takardu ma haka. In filin gado ne, a zauna da magada a raba a rubuta kafin ka zuba ko tifa ɗaya ta yashi. In saye ne, takardar ciniki da shaidu da sa hannun mai unguwa ko hakimi. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, ka neme ta. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a Google Drive, ka tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. Ka tsaya a kusurwoyi huɗu na filin ka adana alamar kowace a taswira. Awon waya yana iya kuskuren 'yan mitoci, ba zai maye gurbin safiyo ba, amma ya isa ya nuna inda fili yake idan shekaru suka wuce alamomi suka ɓace.

Ranar da mai wayarin ya gama binne bututu, kafin birkila ya zo da filasta, sa a bi kowane bango a ɗauki hotonsa daga ƙasa zuwa sama, a rubuta sunan ɗakin a jikin bangon da gawayi don ya fito a hoton. Su ma su shiga Google Drive ɗin, kusa da takardun fili. Ranar da za a kafa ƙusar rataye talabijin, ko a nemi inda waya ta ƙone, su za a buɗe.